Na Je Yamai Saboda Gaurakan Inna

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai shayin bakin tasha sai ya riƙe mini kofi a hannu ya ce, "Malam Ummaru, wai gaskiya ta can ba a ɗauke wuta?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya tafi yana dariya. To ga shi nan na rubuta gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya ga abin dariya ya yi abarsa, ni dai har yau ban gani ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Bodinga. Shekarun baya mun yi aiki da wani Ba'indiye mai koyar da ilmin halittu, mutumin da zai bar abinci a kwano ya bi tsuntsu cikin gonar dawa. Shi ya koya mini wannan ɗabi'a. Da albashi ya fara tsayawa, sai ya tattara ya koma ƙasarsu, ya sayar mini da kyamararsa da wani dogon gilashi mai tsawon damtse, wanda ake ɗaurawa a gabanta a ɗauko abin da ke nesa. Kyamarar ta wani babban kamfani ce. Gilashin kuwa na wani ƙaramin kamfani ne daban, an dai yi masa baki irin nata don ya shiga. Ranar da na saya ban ɗauki wannan bambanci a bakin komai ba.

Mahaifiyata, Inna, 'yar Tungar Baure ce, wani ƙauye a ƙasar Shagari da sai an bar kwalta an sha yashi ake isa. A gefen ƙauyen akwai fadamar da gauraka ke sauka bayan damina. Da tana yarinya, in ji ta, in suka tashi da safe kukansu har cikin ɗaki. Yanzu biyu suka rage, namiji da mace. Inna kuwa ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance a gidana, ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Wata rana ta ga ina goge kyamara sai ta ce, "Ummaru, kai da kaka ɗaukar tsuntsayen banza, ka ɗauko mani gaurakan garinmu in gani kahin in mutu." Ba ta taɓa roƙona komai ba, ko zane. Wannan ne na farko.

Na je na ɗauko. Amma gauraka ba su yarda da mutum, kana matsawa suna ja da baya cikin ruwa. Da aka wanko hotunan na kawo mata, ta kai su dab da ido ta ce, "Ina gaurakan? Ni ƙudaje biyu nika gani bisa ciyawa." Na ji kunya ƙwarai.

Sai na tuna Ba'indiyen ya taɓa gaya mini akwai wani guntun gilashi da ake kira konbata, bai wuce gwangwanin madara ba. Ana sa shi tsakanin kyamara da dogon gilashi, ya ƙara jawo abin da ke nesa. Na zagaye shagunan masu hoto na Sakkwato, babu. Na yi sallahu Kano, babu. Lokacin ne gwamnati ta ce a ɗaure ciki, takardar shigo da kaya ta koma hannun 'yan jam'iyya, su kuwa shinkafa da leshi suka sani. Wani tsohon mai hoto ya ce in je Yamai, can Turawa ke sayen irin waɗannan kafin su shiga gandun daji.

Abokina Sahabi, ma'aikacin lafiya ne a Shagari, kuma mutum ne da ba ya rasa shawara ko ba a nema ba. Da ya ga ina naɗe dogon gilashin cikin bargo sai ya kama hannuna.

"Kada ka kuskura ka tahi da dogon abin ga. Ƙasar soja ta. Suna ganinai su ce bindiga ta, ko su ce leƙen asiri ya kawo ka."

"To ƙaƙa zan san wanda ka shiga?" na ce.

"Ƙaƙa anka sayo ma takalmin Salla kana yaro? Ka taɓa zuwa kasuwa da ƙahwarka?"

Gaskiya ya faɗa. Dukanmu da sillen kara aka auna mana ƙafa, aka tafi da karan birni, takalmi ya zo daidai. Sahabi ya zaro kara daga dangar gidana, ya gitta shi a bakin gilashin ta baya, ya karya daidai faɗin. Na naɗe shi a takarda na sa aljihun gaba. Na ɗauki kyamarar tsirara, ba gilashi, na kama hanya da farkon hutu.

Daga Bodinga zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce, amma ranar ta zama tafiya, don man motar ya ƙare muna hango birni, muka sauka muka tura. A tashar masu zuwa Illela kuma motar ta cika tun hantsi, direba yana can layin gidan mai. A nan na haɗu da Alhaji Mani, wani gajeren ɗan kasuwa mai yawan dariya, wanda ya cusa katan-katan na sabulu da madara a ƙarƙashin kujeru har gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Sabulun nan wata da watanni matata take nemansa a Bodinga. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce, "Malam, mai neman sani yaka yi, mu saye mukai."

A bakin iyaka ta ɓangarenmu wani jami'i ya buɗe jakata, ya ɗaga kyamarar, ya ga rami a inda ido ya kamata ya kasance. Ya zura yatsa ciki, raina ya tafi tare da yatsan. Ya ce kaya ne na sayarwa, na ce lalatacciya ce zan kai gyara. Muka yi ta ja har Alhaji Mani ya zo ya gaisa da shi irin gaisuwar da ake dunƙule hannu, magana ta mutu. Da muka tsallaka sai tsari ya sake. Jandarman Nijar ba ya ciniki, ba ya kuma dariya. Ya jera mu cikin rana, tsoho da yaro, ya karɓe takardun kowa. Da ya zo kaina ya lalubi aljihuna, ya warware takardar, ya ga kara.

"Wanga mi na?"

"Awo na, ranka shi daɗe."

"Awon mi?"

Na fara bayani, ya gaji tun ban kai rabi ba, ya yar da karan a ƙasa ya wuce. Ni malamin makaranta, da rigata mai aiki, na durƙusa cikin ƙafafun mutane ina neman guntun kara kafin a taka shi. Na same shi lafiya. Wata tsohuwa da ke bayana ta ce wa 'yarta laya ce, Allah Ya ba shi lafiya.

Birnin Ƙonni kamar gida take, Hausarsu ma kusan tamu ce, sai dai malami a wurinsu mushe ne, makaranta kuma lakkwal. Daga nan muka shiga wata doguwar mota zuwa Yamai. Hanyarsu siririya ce amma ba rami, sai dai shinge ya yi yawa, kuma a kowane shinge sai kowa ya sauka, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar a aji. Ba wanda ya yi gunaguni. Na ce a raina, a wurinmu da tuni wani ya ce shi ƙanen kwamishina ne. A Dogon Dutsi na sayi burodinsu, dogo kamar sanda, na gatsa ya kankare mini dasashi. Alhaji Mani ya yi dariya har da hawaye, ya nuna mini yadda ake tsoma shi a kofi mai madara. Daga Dosso kuwa harshe ya juya Zabarmanci, na zama kurma. Na nuna wani abinci da yatsa, aka zuba mini dambu da zogale, wanda ko a gida ba ƙaunarsa nake ba, na ci don ba yadda zan ce a sake.

A Yamai Alhaji Mani ya kai ni gidan mai masaukinsa, wani dattijo Ba'adare mai sayar da fatu. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni tabarma a zaure tare da fatake, bai tambaye ni ko sisi ba, don haka al'adar gidan take. Warin fata kam na sha shi. Amma fankar zauren tun da na shiga take juyawa, har na bar garin ban ga ta tsaya ba. Na yaba, sai dattijon ya ce, "Ai wutarku ta, Mushe. Daga madatsarku taka zowa." A Bodinga ɗalibaina da aci-bal-bal suke karatun jarrabawa. Da na shiga kasuwarsu kuma na ga sukarinmu, man gyaɗarmu, batirinmu, an tsiba su har sama ba mai layi. Ban taɓa jin haushin ƙasata irin na ranar ba, kuma ban sami wanda zan zaga ba, don duk masu sayarwar da Hausar gida suke gaishe ni.

Washegari na ɓata safiya wajen neman shagon, na same shi rana tsaka, a rufe. Mai gadi ya ce sun tafi barcin rana. Na zaci wasa yake. Ashe garin gaba ɗaya haka yake, ofis da banki da kanti, kowa ya je ya kwanta sai rana ta yi sanyi, wai Faransawa suka bar musu. Mu ma ofisoshinmu a rufe suke da rana, amma mu ba mu sa wa abin lokaci ba, kuma ba a dawowa. Na zauna gindin wata bishiya na jira, Alhaji Mani ya zo ya same ni don ya taya ni ciniki.

Mai shagon wani Balaraben Lubnan ne, irin waɗanda muke kira Kwara, yana jin Hausar kasuwa. Na gaya masa abin da nake so, ya ɗauko guda biyu ya ajiye a kan teburin gilashi.

"Ina dogon gilashin?" ya ce.

Na warware takarda na miƙa masa kara. Ya dube shi, ya dube ni, ya dubi Alhaji Mani. Bai yi dariya ba, na kuwa gode masa. Ya gitta karan a bakin na farko, daidai. Ya gitta a na biyu, daidai.

Ya yi mini bayaninsu. Na farko na wani ƙaramin kamfani ne, yana ninka girman abu biyu, kuma kusan kowane gilashi yana hawa. Amma yana shan haske da yawa, hoto ya yi laushi, gefe-gefe ya dushe. Na biyu na kamfanin da ya ƙera kyamarata ne da kansa. Kusan rabi kawai yake ƙarawa, hasken da yake ci kaɗan ne, hoto kuma ya fito garau. Na lura na biyun yana da wani ɗan hanci na gilashi da ya turo gaba, na farkon kuwa bakinsa a shafe yake. Na tambaye shi ko na biyun zai hau gilashin da ba na gidansu ba.

"Ban taɓa gwadawa ba," ya ce. "Don nasu suka yi shi. In baki ɗaya ne, ina jin zai shiga. Amma kaya in ya fita nan ba ya dawowa."

Alhaji Mani ya ja ni gefe. "Malam, ka taso tun daga Bodinga ka zo ka sayi jabu? Jabu ai mun bar shi gida. Ɗauki na asali."

Maganar ta shige ni, don shekarun nan jabu ya gama da mu, daga maganin zazzaɓi har taya. Duk wanda ya ji kalmar asali sai ya miƙa hannu. Kuma hoto mai laushi shi ne abin da nake gudu, tunda idon Inna ba ƙarfi gare shi ba. Na ɗaura na asalin a jikin kyamara, ya juya ya ce ƙyas, kamar a nan aka haife shi. Na biya, abin da na biya kuwa ba zan faɗa ba, don matata tana iya karanta boko.

Dawowa ba wani labari, sai a iyakarmu. Jami'in da ya tare ni ya ɗaga konbatan ya leƙa ta ciki. Shi kuwa in ba a haɗa shi da komai ba ƙanƙanta abu yake yi. Ya leƙa abokin aikinsa ya gan shi ɗan mitsitsi, ya tambaye ni amfaninsa, na ce ƙara girman abu. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, an cuce ka, wuce." Shi kaɗai ne jami'in da ya taɓa barina na wuce kyauta, don tausayi.

Na iso gida da la'asar, ko ruwa ban sha ba na gaida Inna. Ta ce, "Ka samo?" Na ce na samo. Na shiga ɗaki na warware bargo, na kawo bakin dogon gilashin kan konbata. Faɗi daidai, kara bai yi ƙarya ba. Amma ya ƙi zama. Na sake, na ji wata 'yar ƙara, gilashi ya taɓa gilashi. Sai na duba da kyau. Dogayen gilasan babban kamfanin ashe rami gare su ta baya, inda hancin nan ke shigewa. Nawa kuwa, na ƙaramin kamfani, gilashinsa na ƙarshe yana nan dab da baki, ba wurin da hanci zai shiga. Mun auna faɗi, zurfi kuwa ko a mafarki bai zo mana ba. Na zauna a bakin gado har aka kira magariba.

Sahabi ya zo ya duba ya ce, "Ɗan wurin ga da ya rage? Ko rabin yatsa bai kai ba. A yi mai zobe." Da na san abin da zai biyo baya da na kore shi, amma lokacin ji na yi kamar ya tsamo ni daga rijiya. Muka je Sakkwato wurin wani mai injin feƙe ƙarfe, wanda ke ƙera wa masu mota kayan da suka ɓace a kasuwa. Ya yi mana zoben tagulla mai haƙora gaba da baya, ya raba gilasan biyu yadda ba za su taɓa juna ba. Aiki ya yi kyau, ban ga laifinsa ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Ɗan harshen ƙarfen da ke gaya wa kyamara yawan haske ya daina kaiwa, na ce ba komai, zan riƙa kintata. Na dawo gida na auna zakaran maƙwabcina a kan katanga. Na ga ƙwayar idonsa, na ga kowane gashi na wuyansa. Na ɗauke shi sau biyu don murna.

Fim ɗaya mai launi ya rage mini, wanda na fara da zakaran, shi ma da kyar na same shi. Na kwana a Tungar Baure wurin Kawu Labbo, ƙanen Inna, da aka sallame asuba na gangara fadama na kafa kyamara a kan ƙafafunta cikin ciyawa. Gaurakan suna nan, can tsakiyar ruwa. Na leƙa, na ga sun ƙara girma, amma ciki ya yi duhu, 'yar da'irar tsakiya da nake daidaita hoto da ita rabinta ya yi baƙi ƙirin. Na yi ta murɗa gilashin zuwa nesa har ya kai ƙarshe ya tsaya. Da sauran dishi-dishi, na ce tururin safiya ne a kan ruwa. Sai ga shi sun fara rawa. Namijin ya buɗe fiffike ya yi tsalle, macen ta sunkuya ta zagaye shi, suka yi ta yi kamar sun san an zo kallo. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Na yi ta dannawa har fim ya ƙare, ban bar ko ɗaya da zan ɗauka ba tare da konbatan ba.

Na ba wani direba fim ɗin ya kai Kano wanki. Aka ce ba ruwan maganin da ake wankin da shi, a jira. Makonni suka wuce, kullum Inna ta ji sallama sai ta ce, "Hoton na?" Ranar da ya iso na buɗe ambulan a tasha. Zakara ya fito kamar ya yi cara. Sauran kuwa duk hayaƙi ne, toka-toka, da wasu inuwoyi biyu masu ɗigon rawaya a ka. A tsaye a nan na gane abin da ya faru, ni da nake koya wa yara darasin haske. Zoben ya ture dogon gilashin gaba, gilashi kuwa in aka nisanta shi daga mazauninsa na kusa kawai yake iya kamawa. Na tsallaka ƙasa na sayo abin jawo nesa, na kai aka mayar da shi ba ya ganin komai sai abin da ke tsakar gida. Ban nuna wa Inna ba, na ce mata ba a gama ba.

Kafin in sami wani fim sai da na bi ta hannun mutum uku. Na cire zobe da konbata na jefa a jaka, na ce ko ƙudajen ne in sake ɗaukowa, in yi rarrafe cikin laka in matsa. Na isa fadama na tarar shiru, sai balbelu. Kawu Labbo ya same ni a nan.

"Ka makara, ɗiyana. Masu tarko sun zo sun kwashe su."

"Su wa? Anka kai su ina?"

"Shagari, gidan wani ɗan kwangila. Yanzu abin yayi na, kowane mai kuɗi na son gauraka ga tsakar gida."

Sahabi ya san gidan, don shi ke zuwa yi wa iyalin allura, shi ya shigar da ni. Gida ne sabo, siminti ko'ina, da motoci a rumfa. Ga gaurakan nan a gefen katanga kusa da wata tasa mai ruwa, an datse musu fiffike ɗaya ɗaya. Ba su gudu ba, ba su ma dube ni ba. Maigidan, wanda aka ba kwangilar wasu azuzuwan makaranta da har yau ba rufi, ya fito yana murna, ya ce in ɗauka da kyau in kawo masa nasa. Na duba tazarar da ke tsakanina da su, daidai da ta zakara. Na zaro zobe da konbata na ɗaura. Komai ya fito tar, jan kumatu, farin ido, kowane tsinke na tukkun nan mai ruwan zinariya. Kai da wuya suka cika hoton, katanga da siminti suka narke a baya. Na asalin ya yi aikinsa, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau kamarsa ba.

Da aka wanko na sa aka yi mini babba. Na shiga ɗakin Inna da hantsi, na ɗaga ta na jingina da filo, na sa mata a hannunta mai lafiya. Ta kai shi kusa da ido, fuskarta ta saki. Ta shafa tukkun da babban yatsa.

"Su na," ta ce. "Wallahi su na. Allah shi yi ma albarka."

Ta daɗe tana kallo. Can ta karkata hoton, ta duba ƙasa, ta duba gefe.

"Ina ruwan? Ban ga hwadama ba."

Na yi niyyar in ce gilashin ne ya yanke. Na fasa. Na gaya mata komai, da masu tarko, da siminti, da fiffiken. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ta ɗora hoton a cinyarta.

"Da kat tahi Yamai, suna hwadama?"

"Suna nan, Inna."

"Da kad dawo hwa?"

"Suna nan."

Ta dubi ƙofa. Sannan ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Da kun sa ni mota zuwa Shagari, Labbo shi ɗora ni ga amalanke. Da na gan su, na ji kukansu. Ni ba ni da nauyi yanzu."

Tun ranar da ta roƙe ni hoto, kyamara kawai na duba, ban taɓa tambayarta ko tana son zuwa ba. Ta miƙo mini hoton ta ce in ajiye kada ya ɓaci, kuma in juya ta, kwankwasonta ya gaji. Na sa hannu ƙarƙashinta na ɗaga. Gaskiyarta, ba ta da nauyi.